Ɗumi da Sanyi a Kejin Maciji: Abin da Mai Fara Kiwo Zai Tanada



Na san a cikinku, ɗaliban likitancin dabbobi, akwai waɗanda tsigar jikinsu ta tashi tun da suka ji kan wannan lacca. A wurinmu maciji abin kashewa ne, ko kayan wasan gardawa a bakin kasuwa, kuma duk wanda ya taɓa ganin waɗanda kububuwa ta sara kwance a asibitin Kaltungo ba zai ga laifin mai tsoro ba. To amma a Turai da Amurka kiwon macizai marasa dafi a cikin gida ya zama ruwan dare, kuma ɗaya daga cikin waɗanda aka fi kiwatawa tamu ce: ƙaramar mesa mai dunƙulewa, wadda masana ke kira Python regius, mazauniyar dazuzzuka tun daga Senegal har Yuganda. An daɗe ana fitar da ita dubbai daga Gana da Togo da Benin a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Wata rana za a kawo muku ita asibiti, a nan gida ko a ƙetare, kuma sau da yawa za ku tarar tushen ciwon yana cikin yadda aka ɗumama kejinta.

Jikin ɗan Adam yana riƙe zafinsa a wajen digiri 37 a ma'aunin Selshiyas, ko da ɗari ko da bazara. Maciji ba shi da wannan baiwa. Zafin jikinsa na wurin da yake kwance ne, kuma narkar da abinci, da yaƙi da cuta, da yin saɓa, duk sun rataya a kansa. A daji mesar nan tana wuni a ramin gafiya ko cikin suri, in ta so ɗumi ta matso bakin rami, in ya ishe ta ta koma ciki. Wannan zaɓi shi ne abin da keji ke ƙwace mata, shi ne kuma abin da mai kiwo zai mayar mata.

Saboda haka ba a ɗumama keji gaba ɗaya. Gefe guda ake ɗumamawa, a bar ɗayan da sanyi-sanyi. Ga wannan mesa, gefen ɗumi ya kasance tsakanin digiri 31 da 33, gefen sanyi tsakanin 24 da 27, da dare kuma kada ya sauka sosai ƙasa da 24. Kowane gefe a sa masa maɓoya mai duhu da ta yi daidai da jikinta. Wannan mesa matsoraciya ce. In maɓoya ɗaya ce tak, za ta manne a cikinta ko da zafin wurin yana cutar da ita.

Kayan ɗumin da ake sayarwa iri-iri ne. Akwai shimfiɗar lantarki da ake sawa a ƙarƙashin keji, wadda bai kamata ta wuce kashi ɗaya cikin uku na daɓen ba. Akwai ƙwan tangaram mai fitar da zafi ba haske, wanda ya dace da dare. Akwai ƙwan halojin na rana. Ni dai na fi yarda da ɗumin da ke zuwa daga sama, domin yana ɗumama iskar kejin, alhali shimfiɗa daɓe kawai take taɓawa. Amma ƙwan tangaram yana zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba, don haka sai an rataye shi a mariƙin tangaram, an kuma kewaye shi da ragar ƙarfe, domin maciji mahayi ne kuma zai naɗe duk abin da ya samu. Dutsen nan na roba mai waya a ciki, wanda ake tallata wa sababbin masu kiwo, ku hana shi kai tsaye. Jan ƙwan da ake bari a kunne har asuba shi ma a bar shi, dabba tana bukatar duhun dare.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Duk na'urar ɗumi, komai ƙanƙantarta, sai an haɗa ta da tamostat, wato na'urar da ke jin zafin wuri ta ɗan kan waya, ta rage wuta ko ta yanke ta in an kai adadin da aka saita. Shimfiɗar da aka jona kai tsaye a soket tana iya haura digiri 45, musamman in an lafta mata ɓawon itace mai kauri a sama, zafi ya taru ya rasa hanyar fita. Abin tausayi kuma shi ne maciji ba ya janye jiki daga abin da ke ƙona shi a hankali, yadda kyanwa za ta zabura. Sai ya yi ta kwanciya a kai, har ɓawon cikinsa ya yi ja, ya yi bororo, ya fashe, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Irin wannan ƙuna takan ɗauki watanni da saɓa bayan saɓa kafin ta warke, wata kuma ajali ce. Tamostat mai kunnawa da kashewa ya wadatar wa shimfiɗa. Ƙwai mai haske kuwa sai irin wanda ke rage ƙarfin wuta a hankali, in ba haka ba fitilar za ta wuni tana ƙiftawa. Shi kuma kan wayar nan mai jin zafi, a kafe shi inda maciji ba zai ture shi ba, domin in ya gusa zuwa gefen sanyi na'urar za ta ɗauka har yanzu ana ɗari, ta ci gaba da hura wuta. Kada a kafe shi da salatif a cikin keji, yakan manne wa maciji ya sale masa fata.

Tamostat ɗin ma ba a sakar masa komai. A sa ma'aunin zafi mai nuna lamba a kowane gefe, a samu kuma ɗan ma'aunin hannu da ake haskawa a daɓe ya faɗi zafinsa nan take. Taɓawa da tafin hannu yaudara ce: abin da hannunka ya ji da ɗumi sosai, ya riga ya wuce abin da cikin maciji zai jure. Ƙwan sama yana busar da iska, mesar kuwa tana son laima ta kai kashi 60 cikin ɗari ko fiye, don haka a ajiye faffaɗan kwanon ruwa.

Wanda zai yi wannan kiwo a Kano ko Zariya ko Jos yana da nasa ƙarin darasi. Da hunturu daren waɗannan garuruwa yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma macijin da ya ci abinci ya kwana a irin wannan sanyi yakan amayar da shi, ko ya kamu da ciwon huhu, ka gan shi yana numfashi baki buɗe da majina. In an ɗauke wuta, a rufe kejin da bargo a bar kafar iska, a naɗe gorar ruwan ɗumi da tsumma a ajiye a gefe guda, a kuma ɗage ciyarwa. Kaskon gawayi ko risho kada su shiga ɗakin, hayaƙinsu yana kashe dabba da mai ita. A watan Afrilu kuma labari ya juya: a Sakkwato ko Maiduguri zafi yana wuce digiri 40, sai a kashe kayan ɗumi a nemi ɗaki mafi sanyi. Akwatin gilashi a jikin taga mai rana yana iya halaka maciji cikin ɗan lokaci, domin zafi ya fi sanyi saurin kisa. Ku kuma duba rubutun jikin na'ura: kayan Amurka na wuta mai ƙarfin bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce.

Wannan mesa tana rayuwa shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula, wata ma ta wuce haka. A Ingila dokar kula da dabbobi ta 2006 ta wajabta wa mai kiwo samar da muhallin da ya dace. Mu kuma tun muna yara muka san hadisin matar da ta kulle kyanwa. Wanda ya tsare dabba ya ɗauki amanarta.

Roƙona gare ku, in wani ya zo muku da shawarar sayen macijinsa na farko, ku ce masa ya fara haɗa kejin, ya kunna shi babu kowa a ciki har mako guda, yana rubuta zafin gefe biyun safe da tsakar dare. In alƙaluman sun tsaya daidai, ya je ya ɗauko dabbar. In kuɗinsa ba su kai na tamostat ba, ku gaya masa gaskiya ya haƙura tukuna.