Ƙiyayya ga Ɗariƙar Katolika a Kano da Yadda Ya Kamata Mabiya Su Tunkare Ta

Tarihin ɗariƙar Katolika a Kano yana tafe ne da tarihin Sabon Gari. Turawan mulkin mallaka sun hana 'yan mishan wa'azi a cikin garuruwan sarakunan Musulmi, saboda haka da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, sai aka keɓe musu unguwa a wajen ganuwa. A can suka kafa majami'unsu. Tsakanin Birni da wannan sabuwar unguwa kuwa akwai Fagge, tsohon zangon fatake, wadda ta zama kan iyaka. Limaman ƙungiyar mishan ta SMA ne suka fara kula da 'yan Katolika, sistocin St. Louis suka biyo baya a 1948 da aikin makaranta. A 1999 Kano ta zama cikakken yankin bishof, da babban cocinsa na Our Lady of Fatima, kuma tun 2008 Bishof John Namaza Niyiring ke jagorantar sa.

Ƙiyayyar da 'yan ɗariƙar ke fuskanta ba daga rijiya ɗaya aka ɗebo ta ba. Tushe na farko shi ne ƙabila da siyasa. Da yake yawancin 'yan Katolikan farko Ibo ne, jama'a sun ɗauki cocin a matsayin kayan baƙi. Rikicin watan Mayu na 1953, wanda aka gwabza a tsakanin Fagge da Sabon Gari, kan batun neman mulkin kai ne. Kashe-kashen 1966 ma juyin mulki ne ya haifar da su. Amma da yaƙin basasa ya zo, wasu limaman Katolika suka riƙa kai agaji yankin Biyafara, gwamnatin tarayya ta kori da yawa daga cikinsu a 1970, sai kallon cocin a matsayin na baƙi ya ƙara kafuwa. Wannan kallon yana mantawa da Hausawa 'yan Katolika, musamman daga zuriyar Maguzawa, waɗanda ba su da wata mahaifa sai ƙasar Kano.

Tushe na biyu rikicin addini ne, kuma a nan mai tarzoma ba ya tantance ɗariƙa. A watan Oktoba na 1982 gardama ta tashi kan faɗaɗa wani cocin Angilika a Fagge kusa da masallaci, aka ƙone coci-coci da dama. A Oktoba 1991 zuwan mai wa'azin nan ɗan Jamus, Reinhard Bonnke, ya jawo wata tarzomar. Shi ba ɗan Katolika ba ne, amma idan gobara ta tashi ba ta tambayar gidan wa ta shiga. Daga baya Boko Haram ta zo da nata salon. A 29 ga Afrilu 2012 aka buɗe wa Kiristoci wuta suna ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. A 27 ga Yuli 2014 aka jefa bam a cocin St. Charles da ke Sabon Gari jim kaɗan bayan an tashi daga addu'ar Lahadi, mutum biyar suka mutu. Tun waɗannan shekarun shiga coci ya zama sai an ratsa shinge, an laluba jaka, an ajiye mota nesa da ƙofa. Wata huɗu bayan harin St. Charles, ranar Juma'a 28 ga Nuwamba, aka kai wa Babban Masallacin Kano hari, mutum fiye da ɗari suka rasu. Maharan ba su bar kowane ɓangare ba.

Tushe na uku saɓanin aƙida ne, kuma yakan fito har daga 'yan'uwa Kiristoci. Wasu masu wa'azi suna zargin 'yan Katolika da bautar Maryamu da gumaka, suna sukar jan carbi, da furta zunubi gaban Fada, da rashin auren limamai. Musulmi kuma ba su yarda da koyarwar Allah-uku-cikin-ɗaya ba. Wannan saɓani ne na gaske, ba ya gushewa da murmushi.

Matakin farko ga mabiyi shi ne ya bambanta suka da ƙiyayya. Maƙwabcin rumfa a kasuwar Sabon Gari da ya tambayi dalilin durƙusawa gaban siffar Maryamu ba maƙiyi ba ne. Amsa yake nema, kuma amsar tana nan a koyarwar cocin: girmamawa ake yi mata, bauta ta Allah ce shi kaɗai. Wanda bai san addininsa ba shi ke saurin fusata. Haka kuma ba duk ƙorafi ne ƙage ba. Badaƙalar cin zarafin yara da aka bankaɗo a cocin Katolika a Amurka da Ayalan gaskiya ce, kuma amincewa da laifi ya fi kare mutuncin coci a kan musu.

Mataki na biyu shi ne ƙin ramuwa. A Mayu 2004 kisan da aka yi wa Musulmi a Yelwan Shandam ya jawo ramuwar gayya a Kano, aka kashe mutanen da ba su ji ba, ba su gani ba. Ramuwa ba ta faɗa wa mai laifi, talaka ɗan ci-rani take samu. Shi ya sa lokacin da aka far wa cocin Holy Family a Sakkwato a 2022, Bishof Matthew Kukah ya yi kira da a kwantar da hankali a bar doka ta yi aikinta.

Sai dai haƙuri ba yana nufin yin shiru ba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini. Idan an hana filin gina coci, ko an yi wariya wajen ɗaukar aiki ko gurbin karatu, hanyar ita ce rubuta koke, da zuwa kotu, da kai magana gaban hukuma da fada ta bakin shugabanni.

Mataki na ƙarshe shi ne zumunci tun kafin rana ta ɓaci. Takardar cocin mai suna Nostra Aetate ta 1965 ta umarci 'yan Katolika da su girmama Musulmi, su kuma bar tsohuwar gaba. A 2019 Fafaroma Francis da Shehin Azhar, Ahmad al-Tayyib, sun sa hannu kan yarjejeniyar 'yan'uwantaka a Abu Dhabi. A gida akwai majalisar NIREC da aka kafa a 1999, inda Sarkin Musulmi da shugabannin Kirista ke zama tare. A Kano kanta, lokacin zanga-zangar cire tallafin mai a Janairu 2012, matasa Kiristoci sun yi gadin Musulmi suna salla, wasu Musulmi kuma suka ziyarci coci-cocin Sabon Gari don kwantar wa mazauna hankali. Makarantu irin St. Louis da St. Thomas sun daɗe suna yaye 'ya'yan Musulmi da na Kirista daga aji ɗaya. Irin wannan sanayya, ta makaranta da kasuwa da gaisuwar biki da ta'aziyya, ita ce ke sa mutumin Fagge ya buɗe wa na Sabon Gari ƙofar gidansa ranar da gari ya rikice.