AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Me Ke Fasa Kondensar Rediyo?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi, mai sana'ar cajin waya a ƙasar Dambatta. Ga abin da ya ce: "Na sayi faifan sola mai bolt 12, na jona wa rediyona kai tsaye. Sau biyu ke nan yana yin fus, sai wari. Mai gyara ya ce kondensa ce take fashewa. Shin kayan ne jabu, ko kuwa hannun mai gyaran ne?"

To, Malam, mun gode. Kafin ka ɗora wa mai gyara laifi, bari mu dubi jonin naka.

Ita kondensa, wadda masana ke kira kafasita, 'yar gwangwanin nan ce da ke tsaye a cikin rediyo. Aikinta ta tara wuta, ta riƙa sakinta daidai wa daida, don murya ta fita tangaram ba gurnani. A cikinta akwai fallayen alminiyum biyu a nannaɗe, da takarda mai laima, da wani shamaki siriri ƙwarai. Idan ƙarfin wuta ya wuce kima sai shamakin ya huje, ruwan ciki ya tafasa, kanta ya kumbura ko ya tsage.

Duba jikinta, za ka ga lamba biyu, misali 1000µF da 16V. Ta farko yawan abin da take ɗauka ne, kamar girman randa. Ta biyun ita ce iyakar ƙarfin da za ta jure, kamar dai tiyon ban-ruwa: in injin ya fi ƙarfinsa, ai yagewa zai yi.

Ga inda gizo yake saƙar. Faifan da ake ce wa mai bolt 12, suna ne kawai. Da tsakar rana yakan ba da wajen 18, in kuwa babu abin da ke jan wuta sosai sai ya kai 21 ko 22. Juya bayansa, a rubuce yake. To, ina kondensa mai 16 za ta kai labari?

Magani na farko, kuma shi ne babba: kada ka ƙara jona rediyo da faifai kai tsaye. Faifai ya shiga kwantirola, kwantirola ta shiga batir, rediyo ya sha daga batir. Ko ana caji, batir ba ya wuce 14 da 'yan kai. In kuwa rediyonka mai cin batir huɗu ne, wato bolt 6, sai ka ƙara da adafta mai rage wuta.

Na biyu, ka ce wa mai gyara ya sa mai 25V a maimakon mai 16V, amma lambar farko ta zauna yadda take. Ya lura da ratsin da ke gefenta, shi ne ƙafar negetif. In aka juya ta, ko wutar daidai take za ta fashe. Sai dai fa ka sani, wannan kondensar kaɗai ya tsare, sauran kayan ciki suna nan cikin haɗari.

Na uku, ya sa fis da rizisto a gaba, sannan ya gitta zena dayod mai bolt 15 a kan ƙafafun kondensar. Duk rarar da ta haura 15 sai zena ta janye ta, kamar yadda mafitar ruwa ke yi a madatsar Thomas ko ta Watari in damina ta yi albarka.

Ku kuma masu janareto, ku tayar da shi tukuna, ya daidaita, sannan ku jona caja. Wutar gida bolt 230 ce, amma ƙololuwarta na kai 325, shi ya sa kondensar cikin caja take da 400V. Irin wannan takan riƙe wuta ko bayan an zare soket, saboda haka kada a bar yara su buɗe. In hadari ya taso da tsawa, a zare komai, har da eriya.

Kuɗin kwantirola bai kai na sabon rediyo da zirga-zirgar gyara ba. Allah ya ba da sa'a, Malam. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.