Kaboyin Nijar da Hukuncin 'Yan Kallo: Waiwaye kan Fim ɗin Moustapha Alassane na 1966



Dattawan Kano ba sai an gaya musu ko wane ne kaboyi ba. Tun daga buɗe silimar Rex a 1937 da Palace a 1952, har zuwa zamanin Plaza, Orion da Eldorado, Kanawa sun sha kallon mutumin nan mai malafa, bindiga a ƙugu, doki a ƙarƙashinsa. A shekarun da masaƙu da majemu ke cike da ma'aikata, silima na cikin wuraren da ake zuwa sauke gajiya in albashi ya shigo. Amma akwai wani fim ɗin kaboyi da aka yi a maƙwabta, wanda da wuya a sami wanda ya gan shi a Kano, kuma shi wannan takarda ta sa a gaba.

A 1966, shekarar da Italiya ta fitar da Django na Franco Nero, wani saurayi ɗan Nijar mai shekara 24, Moustapha Alassane, ya shirya Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya. Tsawonsa bai fi rabin awa da 'yan mintuna ba. Labarin wani matashi ne, Jimi, da ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da tsaraba: malafuna, takalma, bindigogi, duk kayan kaboyi. Ya raba wa abokansa. Kowa ya sa kaya, ya ajiye sunan yanka, ya ɗauki sabo: wannan Black Cooper, wancan James Kelly, wani Casse-Tout, budurwar cikinsu kuma Reine Christine. Daga wasa sai abu ya zama gaske. Caca, giya, sata, raina dattawa, har bindigar da aka ɗauka ado ta koma kan 'yan ƙungiyar kansu.

'Yan wasan ba ƙwararru ba ne, samarin Yamai ne da suka tashi da kallon irin waɗannan finafinai, kuma a nan ƙarfin fim ɗin yake. Tafiyarsu ta ƙasaita, yadda suke gyara malafa, yadda suke zare bindiga, duk kwaikwayo ne, kuma ana ganin kwaikwayon ƙarara. Wanda ya kira wannan rashin iya wasa bai fahimci abin da Alassane ke nufi ba. Da ƙwararren ɗan wasa ne, da ya ɓoye ɗinkin, da saƙon ya ɓace, domin labarin na mutanen da suka ari rigar da ba tasu ba ne. Wani Bafaranshe, Serge Moati, ya bi su da kyamara a lokacin ɗaukar fim ɗin, ya fitar da nasa mai suna Les cow-boys sont noirs.

Masu sharhi a ƙasashen waje sun karɓi fim ɗin hannu biyu, har yau ana kiransa fim ɗin kaboyi na farko da Afirka ta yi, ana kuma karanta shi a matsayin gargaɗi kan abin da silimar Turawa ke zubawa a kan matasa. Djingarey Maïga, ɗaya daga cikin samarin, ya zama darakta mai sunansa. Alassane ya ci gaba da aiki, ya zauna a Tawa, ya rasu a 2015.

Hukuncin 'yan kallo na gida ya faɗa ne a kan mutum ɗaya: Zalika Souley, wadda ta fito a Reine Christine tana 'yar shekara 19, sanye da wando, a kan doki, cikin maza. Daga nan ta yi ta fitowa a matsayin mace mai taurin kai ko muguwa, har a Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, fim ɗin da ya fara cin babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1972. Da yawan mutanen gari ba su raba ta da matan da take fitowa a matsayinsu ba. Ta sha zagi da tsangwama, kamar yadda ta bayyana da bakinta a fim ɗin tarihin rayuwarta, Al'lèèssi, na Rahmatou Keïta. Tauraruwar da ta buɗe wa matan yankin nan ƙofa ta ƙare da zuwa Amurka aikatau. Ta rasu a 2021.

Abin da ke damun mai wannan takarda shi ne, kuskuren da fim ɗin ya tona, na ɗaukar abin da ke allo tamkar rayuwa, shi 'yan kallo suka maimaita a kan Zalika. Mazan da suka yi sata da kisa a labarin sun cire malafa sun koma gida da mutuncinsu. Ita aka hana ta cire tata.

Kano ta san wannan hali. Bayan gobarar silimar El Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka sama da 300, an daɗe ana cewa azaba ce ta sauka a kan masu kallo. A 2016 kuma ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau daga masana'antar finafinan Hausa kan bidiyon waƙa da ta fito tare da mawaƙi ClassiQ, kuma a bakin jama'a sunanta ne ya fi shan suka. Jama'a na da 'yancin auna abin da ya dace da addini da al'adarsu, ba wanda ke ja da wannan. Sai dai ma'aunin ya zama ɗaya ga namiji da mace, a kuma bambance ɗan wasa da rawar da aka ba shi.

Shawarar takardar ita ce a nemi izinin masu haƙƙin fim ɗin, a ɗora masa murya da Hausa kamar yadda su Algaita ke yi wa finafinan Indiya, a nuna shi a gidajen kallo na Panshekara, Sheka da Challawa, a haɗa da na Rahmatou Keïta a dare ɗaya. In an gama, a bai wa 'yan kallo dama su faɗi ra'ayinsu, a rubuta shi, mata kuma a ware musu nasu zaman domin a ji ta bakinsu.