Attajiran Kano da Majalisar Tarayya: Yadda A Ke Kai Kukan Ƙasa

Jama'a, batun wannan lacca shi ne hanyar da shugabannin ciniki su ke bi su kai kukan ƙasarsu gaban wakilan da ke zaune a Majalisar Tarayya, a Abuja. An ɗauki Kano domin misali, gama ita ce cibiyar cinikin Arewa tun zamanin fatake.

Babban abin da ya daɗe yana damun cinikin Kano shi ne nisan teku. Daga Kano zuwa Ikko wajen mil 700 ne ta hanyar jirgin ƙasa. Da hanyar ta iso Kano cikin 1911, sai noman gyaɗa ya bunƙasa, attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, suka shiga sayenta. Amma dalar gyaɗan nan da a ke alfahari da ita tana da wata ma'ana. Buhunan da aka tara jiran tarago su ke yi, domin jirgi bai iya kwashe su da wuri. Watau ko manomi ya noma, attajiri ya saya, in hanya ba ta isa ba sai kaya su zauna. Shawarar hanya kuwa ba a Kano a ke yanke ta ba.

Har yanzu haka al'amarin ya ke. Masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar atamfar fasa-ƙwauri. Mai shago a Kantin Kwari, da dillalin hatsi a Dawanau, ribarsu ta rataya ga kuɗin kwastan, da halin tashar jirgin ruwa, da darajar naira. Waɗannan duka tsarin mulki na 1999 ya sa su hannun Tarayya kaɗai.

Majalisar Tarayya kashi biyu ce. Majalisar Dattawa tana da kujeru 109, Majalisar Wakilai tana da 360. Kano tana da dattawa 3 da wakilai 24, watau ɗaya daga cikin 15 na Majalisar Wakilai. Wannan lissafi ya isa ya nuna cewa ƙarfin murya ba ya biyan bukata, sai an bi hanya. Hanyar kuwa sharaɗi huɗu gare ta.

Na farko shi ne haɗa kai. Attajirin da ya tafi shi kaɗai, baƙo ne mai neman alfarma. Amma in ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kano, wadda a ke kira KACCIMA, ta tafi tare da reshen ƙungiyar masu masana'antu ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1971, to, ƙasa ce ta yi magana. In kuwa an jawo Kaduna da Katsina da Jigawa, waɗanda hanya ɗaya ce ta haɗa su, kujeru sun ƙaru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu shi ne sanin lokaci. Kowace doka a kan karanta ta sau uku. Bayan karatu na biyu a kan miƙa ta ga kwamiti, shi kuma ya kan kira zaman jin ra'ayin jama'a. Nan ne a ke karɓar takardar bayani, nan ne a ke iya gyara sashen da zai cuci ciniki. Haka kuma kasafin kuɗi: aikin da ba a rubuta cikinsa ba, ba shi da kuɗi a shekarar. Wanda ya zo bayan Shugaban Ƙasa ya sa hannu, ya zo kasuwa ta watse.

Na uku shi ne hujja. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo, amma lalle ne ya nuna wurin. Kwamiti yana so ya ji kwana nawa kaya ke yi a hanya, nawa a ke kashewa wajen man injin wuta, leburori nawa aka sallama.

Na huɗu shi ne sanin ƙofa. Cikin 2023 an gyara tsarin mulki, aka ba jihohi iko su yi doka a kan wutar lantarki da hanyar jirgin ƙasa. Saboda haka wani kukan da a dā sai Abuja, yanzu Majalisar Jiha ma tana iya share shi.

Bayan waɗannan kuma sai haƙuri da naci. An ba da izinin gina tashar sauke kaya ta kan tudu a Zawaciki cikin 2006, amma sai cikin Janairu 2023 aka buɗe ta da sunan tashar Dala. Bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, cikin 2020 aka soma aikinsa. Irin wannan aiki ya kan wuce zamanin majalisa ɗaya, wadda shekara 4 ce. Wakilai su kan canza, don haka wajibi ne ƙungiya ta riƙe takardunta, ta sake kai maganar ga sababbi.

A ƙarshe akwai gargaɗi. Shugaban da aka aika da kukan jama'a, ya je ya nemo wa kansa kwangila ko rangwamen kwastan, ya ci amana, ya kuma rufe ƙofa ga wanda zai zo bayansa. Abin da ya dace a roƙa shi ne wanda mai tireda da mai masana'anta za su mora tare: hanya, da wuta, da haraji na adalci.

Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya sa albarka ga kasuwa. Amin.