Kafin ka biya kuɗin kujera, a kifa maka ita



Mu 14 ne a gidanmu, ƙannena uku a falo suke kwana. Da na gama bautar ƙasa, ɗan abin da na tara na saya wa Umma kujerar nan da ake rabawa a haɗa, a buɗe ta zama gado. Kyan yadi ya ruɗe ni. Wata 5, wallahi, soso ya lotsa, ƙarfen ya karye, yara suka koma tabarma.

To ku sa kafinta ya kifa muku ita. Ku nemi busasshen katakon maɗaci, haɗin noti, soso mai tauri, riga mai zif saboda wanki. Ku buɗe, ku rufe, ku kwanta a kai. Ni kunyar mai shago ce ta cuce ni.