Ciwon Matsarmama da Aikin Cibiya: Jawabi a Taron Cikar Shekarar Ƙungiya

Shugabarmu, iyayenmu mata, 'yan uwa da mazajenmu da suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa.

Yau za mu taɓo wani ciwo da ke kwantar da mata da yawa, mu kuma muna ta ce masa olsa. Mace ta ci ƙosai ko awara ko tuwo da man shanu, can sai ciwo ya turnuƙe ta a dama ƙarƙashin haƙarƙari, har ya haura kafaɗa, ga tashin zuciya. Wani lokaci ido ya yi ɗorawa, a ce shawara ce, a hau jiƙo. To, sau da yawa tsakuwa ce a matsarmama. Ta fi kama mu mata, musamman masu haihuwa da yawa, da kuma masu sikila. Hoton ciki ne ke nuna ta.

Da an ce tiyata sai gabanmu ya faɗi, don mun san aikin da: a tsaga ciki, a yi wata guda ko fiye ana jinya, rumfa a rufe, jari ya tafi. Yanzu akwai wata hanya, tun 1985 aka fara ta a Jamus. Bayan an sa mutum barci, likita zai yi 'yar ƙofa a cibiya, ya hura iska a cikin, ya zura siririyar kyamara yana kallo a talabijin. Ta wasu ƙananan ƙofofi biyu ko uku zai ciro matsarmamar. Wasu likitocin ma ta cibiyar kaɗai suke gama komai. Kwana ɗaya ko biyu an sallame ki, mako biyu kin koma kasuwa. Kuma hanta ce ke yin ruwan ɗacin, don haka ana rayuwa lafiya lau babu matsarmama. Ana irin wannan aiki a Asibitin Malam Aminu Kano.

Sai dai fa ba kowa ake yi wa ba. Idan an bari ta kumbura ta yi ruɓa, wani lokaci sai an koma tsagawa. Shi ya sa muke cewa, mai wannan ciwo ta je asibitin Dambatta ko na Bichi a duba ta da wuri. Mu da muka shiga ajin yaƙi da jahilci, mu raka ta, mu karanta mata takarda.

Roƙonmu ga taro: a ware wani abu daga zubin adashi, ya zama asusun lafiya. Ku kuma mazajenmu, a ba da izini a kan lokaci.

Allah ya ba mu lafiya, ya maimaita mana.