Jawabi a Kan Tulsi, Ɗaɗɗoyar Ƙasar Indiya



Yau za mu yi magana ne a kan wani tsiro da mutanen Indiya ke kira tulsi, wanda ake sayar da ganyensa a matsayin shayi ko ƙwayoyi, ana cewa yana ƙara garkuwar jiki. Ɗan'uwa ne ga ɗaɗɗoyar da muka sani, wadda Yarabawa ke kira efirin, amma ba iri ɗaya ba ne. Mabiya addinin Hindu suna girmama shi ƙwarai, har sukan dasa shi a tsakar gida, kuma tun zamanin da masu maganin gargajiyarsu ke ba da shi don tari da mura da zazzaɓi. A cikin ganyen akwai wani mai da ake kira yujinol, watau irin wanda ke ba kanumfari ƙamshinsa.

To, me likitoci suka gano? A 2011 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Delhi. An ɗauki mutum 24 masu lafiya, aka riƙa ba su miligiram 300 na abin da aka tace daga ganyen kullum har mako huɗu, sai aka ga wasu ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta sun ƙaru. Wannan abin ƙarfafa zuciya ne. Amma fa a lura, jininsu aka auna, ba a auna ko sun rage kamuwa da ciwo ba, kuma mutum 24 ba su isa a yanke hukunci a kan al'umma ba. Saboda haka duk wanda ya ce muku tulsi zai tsaya a madadin allurar rigakafin ƙyanda ko ta sanƙarau, ya faɗi abin da babu gwajin da ya nuna.

Har ila yau, tulsi yana iya rage sukari a jini, yana kuma iya jinkirta daskarewar jini. Mai ciwon sukari da ke shan magani, da wanda za a yi wa tiyata, lalle su shaida wa likita kafin su sha. Mace mai ciki gara ta ƙaurace masa. Shayinsa don mura ba laifi ga baligi mai lafiya, amma yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi asibiti a ranar a gwada jininsa ko zazzaɓin cizon sauro ne.